Kurciya mai zobe ta sauka gidanmu: yadda muka bi da ita da masu zuwa kallonta

Tun da labarin kurciyar nan ya fita mutane ke ta tambayata, wai wa na fara kira, wane ofishi na je, nawa aka ba mu. Har wani bawan Allah daga wajen Gumel ya samo lambata ya kira ni da dare yana cewa shi ma ya ga wani tsuntsu a bakin rijiyarsu da bai taɓa ganin irinsa ba, ya zai yi. To na ga gara in rubuta komai a jere, wanda abin ya same shi ya karanta ya huta da yawon da na sha. Ƙauyenmu a ƙasar Hadejia yake, ba zan faɗi sunansa ba, dalilin zai zo a gaba. Ni malamin firamare ne kuma ina kiwon tattabaru tun ina yaro. A cikin gida, kusa da inda mata ke sussuka, akwai wani tsohon kasko da muke zuba musu ruwa, gefensa kuma ana watsa musu tsabar gero da dusa, kuma duk mai tattabaru ya san ba su kaɗai ke ci ba, kurciyoyi da hasbiya da bardo duk suna sauka su ci rabonsu, ba mai korarsu.

Cikin hunturu ne, an gama shigar da amfanin gona, ƙanina ɗan aji shida ya zo ya ce min Yaya akwai wata kurciya mai zobe a ƙafa. Da na tsaya na dube ta da kyau sai na ga ba irin tamu ba ce. Ta ɗan fi kurciyar gida girma, gashin bayanta ruwan ƙasa mai ja-ja kuma kowane gashi da baƙi a tsakiyarsa, a gefen wuyanta akwai wani tabo mai zane baƙi da fari a jere, ƙirjinta ya yi ruwan hoda, kewayen idonta ja, idan ta tashi kuma sai ka ga farin layi a bakin wutsiyar. Ga zoben ƙarfe ɗan siriri a ƙafar dama. Abu na farko da na yi, kuma shi nake so kowa ya fara yi, na tara yaran gidan da na maƙwabta na karɓe danko gaba ɗaya, na ce duk wanda ya harbi wani tsuntsu a wajen kaskon nan ni da shi ne. Wallahi da na bari zuwa yamma da tuni an gasa ta.

Sai maganar hoto. Wayata ba wata babba ba ce, idan na ja hoton daga nesa sai ya dagule, idan na matso kuma ta tashi, don ta fi sauran tsoro nesa ba kusa ba. Dabarar da ta yi min aiki ita ce na jingine wayar da bulo kusa da kaskon tun da sassafe kafin su fara sauka, na kunna bidiyo na bar wajen. Ka tabbatar akwai caji da wuri a memori don bidiyon yana da cin wuri. Daga baya sai in zauna ina tsayar da bidiyon ina ɗaukar skirinshot a inda ta juyo gefe. A haka na samu hotuna masu kyau da suka nuna wuyan da bayan da zoben, duk da rubutun jikin zoben bai fito ba. Na kuma lura tana da lokaci, da safe bayan rana ta ɗan ɗaga ta kori sanyi, sai kuma bayan la'asar sakaliya.

Wani dattijo ya ce min ai irin wannan hukuma ake kai wa, in je wani ofishi a cikin gari da aka ce su ke kula da harkar daji. Na hau mashin naira 1,500 zuwa, na isa wajen ƙarfe tara, aka ce oga bai shigo ba in jira. Ina zaune a benci har aka kira azahar. Da ya zo na nuna masa a waya, ya ce ba a karɓar abu a waya sai na rubuto takarda na haɗo da hoto a wanke. Na fita na buga takarda da hoto naira 800, na dawo, ya duba ya duba sannan ya ce to ka kamo ta ka kawo mu gani. Na ce Yallaɓai idan na kama ta ai ta wahala, ya ce to shi dai bai san wani abin da zai yi min ba. Ba na jin mugunta ce, mutumin aikinsa itace ne da masu sarar daji, ba a taɓa kawo masa irin wannan ba. Amma dai na dawo gida da yamma babu ko sunan tsuntsuwar, ga kuɗin mashin na dawowa, ga yunwa. Wannan matakin ku tsallake shi kawai.

Inda hanya ta buɗe shi ne wajen wani abokina da muka yi sakandare tare, shi ya wuce ya karanta ilimin halittu a jami'a a Dutse. Na tura masa hotunan ta WhatsApp, ya ce in sauke wata manhaja kyauta mai suna Merlin ta jami'ar Cornell da ke Amurka, kana sa mata hoto da wurin da ka ɗauka sai ta jero maka tsuntsayen da suka yi kama. Sai da na hau kan tudun bayan makaranta sannan sabis ya iya sauke ta, ta kuma ci data ba kaɗan ba. Ta kawo min kurciyoyi kala-kala, ta farko a jerin ita ce European Turtle Dove, wato kurciyar Turai. Abokin nawa ya ce kar mu yanke hukunci da manhaja kaɗai, sai ya jefa ni wani guruf na masu kallon tsuntsaye na Arewa. Ni da ban san ma akwai masu wannan sha'awar a ƙasar nan ba, ashe suna da yawa, ɗalibai da malaman jami'a da ma'aikata har da mata. Tambayoyinsu ɗaya ne kuma gara mutum ya shirya amsarsu tun kafin ya tura hoto: wace rana ka fara ganinta, ƙarfe nawa take zuwa, ita kaɗai ce ko cikin garke, me take ci, a ina take kwana, akwai hoton wutsiya. Kafin isha'i mutum uku da aka ce sun san aikin duk sun tabbatar ita ce.

A nan na ji tarihinta. Ba a nan take ƙyanƙyasa ba, a Turai take yin sheƙa lokacin zafinsu, idan sanyi ya gabato wajen Satumba sai ta taso ta ƙetare Bahar Rum ta ƙetare Sahara, yawanci da dare take tafiya, ta zo ta yi hunturu a irin yankinmu tun daga Senegal da Mali har Chadi, wajen Maris ko Afrilu ta koma. Suka ce zuwan irinta ƙasar Hadejia ba sabon abu ba ne, fadamar Hadejia da Nguru dama masaukin tsuntsayen Turai ce, sai dai yawanta ya ragu sosai, a Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari daga shekarun 1970, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Dalilan kuwa, can maganin feshi ya kashe ciyayin da take cin 'ya'yansu, ana kuma harbinta a hanya, abin da ya sa a 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta, nan wajenmu kuma ana ta sare bagaruwa da gawo da take kwana a kai. Amma abin da ya tayar musu da hankali shi ne zoben, ga shi kuma tana zuwa wuri ɗaya kullum a kan lokaci. Nan take aka fara cewa Malam turo lokeshan. Wani babba a cikinsu ya kira ni gefe ya ce kar in sa lokeshan a guruf ko a Facebook, in ba shi shi kaɗai, shi zai tsara masu zuwa. Allah ya saka masa, don hoton da abokina ya sa a shafinsa ba tare da sunan gari ba ma sai da wani ya yi ta bibiya wai zai saye ta. Shi ya sa har yanzu ba na faɗin sunan ƙauyen.

To yanzu ga inda aikin yake, kuma babu wanda ya gaya min zai zama haka. Kaskon nan a tsakar gida yake, gidanmu kuma gidan aure ne, akwai Inna da abokiyar zamanta da matan yayyena biyu. Bayan sallar isha'i na samu Baba a zaure na durƙusa na ce Baba akwai wasu baƙi da ke son zuwa ganin kurciyar nan, wasu daga Kano wasu daga Jos. Ya ce daga Jos? Su can ba su da kurciya ne? Na yi masa bayani iya iyawata, ya saurara har na gama sannan ya ce, yanzu kai a hankalinka ƙatti su shigo min gida da kyamara matan mutane na ciki? Ba a gidana ba. Kuma gaskiyarsa ce, ni kaina ban ga yadda za a yi ba. Na fita jiki a sanyaye na riga na fara tunanin yadda zan ba mutanen haƙuri. Inna ce ta warware matsalar da safe, ta ce kai ma dai, ba garka a bayan gida ba? A mayar da kaskon can mana, su tsaya ta waje. Baba ya ce in dai ba wanda zai taka cikin gida kuma ba za a juya kyamara ta wajen katanga ba, ya yarda.

Mayar da kaskon ba a yi shi rana ɗaya ba. Mutumin nan da ke tsara tafiyar ya ce idan na ɗauke shi gaba ɗaya za ta iya sauya wuri, sai dai kullum in ɗan ja shi taku kaɗan ta wajen ƙofar baya, in kuma daina watsa tsaba a tsohon wurin. Tattabaruna suka bi abinci, kurciyoyi suka bi tattabaru, ita ma ta bi. Ya ɗauki kwanaki kafin kaskon ya isa gindin wata bishiyar darbejiya a garka. Sai na sayi zana biyu naira 2,000 kowanne, muka kafa su kamar taku goma sha biyar daga kaskon, muka huda ƙananan tagogi daidai idon mutum a zaune, muka shimfiɗa tabarma da benci ɗaya da na aro daga makaranta. Ka kafa zanan ta yadda rana za ta kasance a bayan masu kallo da safe, in ba haka ba hoto ba zai yi ba. Shi ma zanan sai da muka bar shi ya kwana biyu a wurin don tsuntsayen su saba da shi.

Baba ne ya ce kafin kowa ya zo sai an sanar da Bulama, kuma shi ya raka ni da kansa. Muka tafi da goro, muka gaisa, na ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu. Tambayarsa ta farko ita ce zoben nan ba na'urar leƙen asiri ba ce? Dama maganar ta riga ta zaga gari, wasu na cewa Turawa ne ke ɗaukar hoton garin da ita, wasu na cewa zoben azurfa ne, wasu kuma sun ce sihiri aka yi aka sako ta. Na ce ranka ya daɗe ƙarfe ne kawai mai lamba, ba batir ba komai, masu bincike ne ke sa wa tsuntsu su sake shi don idan an gan shi a wani wuri a san hanyar da ya bi, kuma tun 1899 ake yi, wani malamin makaranta ne ma a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara. Wannan na malamin makarantar ni ya fi yi wa daɗi, Bulama dai dariya ya yi ya ce ashe ku malamai kun daɗe da rashin aikin yi. Ya yarda, amma ya ce in kawo sunayen masu zuwa da lambobin wayarsu da lambar mota a rubuce, ya kuma tura a gaya wa shugaban 'yan sintiri, ya ce mu leƙa wajen 'yan sanda mu ma mu faɗa. Kar wanda ya raina wannan matakin. A yanayin da ake ciki baƙin fuska su sauka ƙauye da asuba ɗauke da dogayen kyamarori a jaka, daga nesa wani zai ɗauka makami ne, kafin a yi bayani an yi ɓarna. A wajen 'yan sanda ba mu daɗe ba, aka rubuta a littafi aka karɓi kwafin sunayen, ba a nemi ko sisi ba.

Ranar Asabar suka zo, mota biyu, sun kwana a Hadejia suka iso bayan sallar asuba kaɗan ana wannan sanyin mai shiga ƙashi. Na kai su suka gaida Baba a zaure da Bulama a ƙofar gidansa sannan muka zagaya ta baya. Mutum huɗu kawai zanan ke ɗauka don haka aka yi layi, sauran suka tsaya can nesa wajen mota. Matsalar ba su ba ce, mutanen gari ne. Kafin rana ta fito yara sun cika bayan gidan, manya ma sun zo kallon masu kallon tsuntsu, ana ta surutu ana dariya, tattabaruna ma sun ƙi sauka balle ita. Muka zauna shiru har wajen ƙarfe tara babu ita, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa, ina ta tunanin mutane sun ƙona mai tun daga Jos a kan maganata. Sai shugaban 'yan sintiri ya kora kowa baya, ɗaya daga cikin baƙin kuma ya yi dabara ya kafa babban madubin hangen nesansa mai ƙafa uku can bakin hanya ya ce duk yaron da ya yi shiru zai leƙa. Wajen ya yi tsit. Ba a jima ba kurciyoyi suka fara sauka, ita ce kusan ta ƙarshe, ta tsaya a reshe ta daɗe tana dube-dube sannan ta sauko ta sha ruwa ta hau tsintar gero. Ba ka jin komai sai ƙarar kyamara ƙas ƙas ƙas. Wani dattijo a cikinsu da furfurarsa na ga hannunsa na rawa. Ta yi kamar minti goma ta tashi, da la'asar ta dawo waɗanda ba su samu da safe ba suka gani.

Akwai wata malama a cikinsu, ita Baba ya ce ta shiga cikin gida, ta shiga ta zauna da su Inna ta nuna musu hotunan a kyamara, har ta ba su madubin suka leƙa ta kan katanga. Ita ce kuma ta duba kaskon ta ce min in dinga wanke shi kullum ina shanya shi a rana, in samu na biyu ina musanyawa, saboda akwai ciwon nan da ke kama tattabaru a baki da maƙogwaro ya yi wani abu rawaya-rawaya har su kasa haɗiya, ta ruwan sha yake yaɗuwa kuma yana kashe irin wannan kurciyar sosai. Na san ciwon, ya taɓa kashe min tattabaru, amma ban taɓa haɗa shi da kasko ba. Kafin su tafi suka zaga gari suna rubuta duk tsuntsun da suka gani a wata manhaja BirdLasser, wai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ne da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, an yanka ƙasar gida-gida kowane gida kamar kilomita 9 ta kowane gefe, kuma akwai gidaje da yawa a Jigawa da ke jiran mai rubutawa. Washegari suka wuce dajin Baturiya a Kirikasamma.

Sauran aikin na zoben ne. Da aka haɗa hotunan kowa aka ƙara girmansu sai ga BUDAPEST a jiki, wato daga ƙasar Hangari aka sa shi, da wasu lambobi, amma ɗaya ta ɓuya ta cikin ƙafar, duk hoton da aka duba ba ta fito ba. Akwai shafin EURING da ake kai rahoton zoben Turai, fom ne da Turanci, ana tambayar rubutun jikin zoben daidai yadda yake, irin tsuntsun, rana, wuri da lambobin taswira, yana raye ko matacce, kama shi aka yi ko gani kawai, sai imel ɗinka. Kyauta ne. Abokina ya taya ni cikewa muka haɗa da hotunan. Daga nan sai jira, kullum in hau tudu in duba imel babu komai, har na cire rai. Sama da wata guda sannan amsa ta zo, suka yi godiya, suka ce zoben nasu ne amma sai da cikakkiyar lamba za su iya faɗin inda aka sa shi da ranar, idan an samu ƙarin hoto a turo. Wani a gari ya ce ai sai a ɗana mata tarko a karanta a sake ta, na tambayi mutanen guruf suka ce a'a, wanda aka horar kuma yake da izini ne kaɗai ke kama tsuntsu don wannan, tarkon gida karya ƙafa yake. Muka ci gaba da gwada dabarar bidiyo ta ɓangaren hagu amma ba mu dace ba har zafi ya fara shigowa ta daina zuwa.

Wanda irin haka ta same shi, ka fara da hana yara harbi, sannan hoto ta kowane gefe, idan akwai zobe kuma ka sa waya a ƙasa daidai tsayin ƙafa ta ɓangarori daban-daban tun ranar farko, don lamba ɗaya ta ɓace duk sauran ba su da amfani. Ka nemi wanda ya san tsuntsaye ta hanyar ɗaliban jami'a ko guruf, ba sai ka je ofishi ba. Kar ka amsa wa kowa cewa ya zo sai mai gida ya yarda kuma an samu wurin da baƙi za su tsaya ba tare da sun shiga wa mata ba, sannan mai gari da 'yan sintiri su sani da sunaye a rubuce. Ka sa mutum ɗaya ya tsara masu zuwa, ka kuma tanadi mai tsare 'yan kallo, don su ne za su kore ta ba baƙin ba.

Maganar kuɗi kuma, tunda ita aka fi tambaya, babu wanda ke biyan ladan zobe, ba Turawa ba ba gwamnati ba. Ni na kashe abin da ya haura naira 10,000 tsakanin mashin da zana da data da goro. Baƙin da kansu suka haɗa wani abu suka ba Baba ya ƙi karɓa, ya ce ba a sayar da kallon abin da Allah ya aiko, sai suka sayo buhun gero rabi suka ce na tattabaru ne, wannan kam ya karɓa. Mai shayi da mai ƙosai sun yi ciniki ranar, 'yan sintiri an ba su na goro, makarantarmu kuma an bar mata littafin hotunan tsuntsaye ɗaya da tsohon madubin hangen nesa, yana wajen hedimasta a kulle, ranar Alhamis ake fito da shi 'yan aji biyar da shida su yi layi.